Wane ne Gershom Scholem, kuma me ya sa ba a maganar Kabbala sai da sunansa?

Tambaya: Malam, duk inda na karanta wani abu game da Kabbala, wato ilimin baɗini na Yahudawa, sai in ci karo da sunan Gershom Scholem. Shin yana cikin shehunan wannan hanya ne, ko kuwa mai nazari ne kawai, kuma me ya yi har ya sami wannan matsayi?

Amsa: Scholem ba shehin wata ɗariƙa ba ne, bai ba kowa wuridi ba, kuma bai taɓa da'awar cewa an yi masa wani buɗi ba. Masanin tarihi ne kuma mai tantance tsofaffin nassoshi, wanda ya koyar a Jami'ar Ibrananci da ke Birnin Ƙudus daga 1925 har ya yi ritaya a 1965. Matsayin da ya samu ya zo ne daga cewa ya tarar da Kabbala a yashe, masu ilimin zamani daga cikin Yahudawa suna jin kunyarta, sai ya zauna ya karance ta daga tushe, ya tsara tarihinta, sannan ya kafa hujja cewa ba za a fahimci tarihin Yahudawa ba in an cire ta. A ganina, aikin da ya yi na tantance wane littafi ne ya fito daga ina, a wane zamani, a hannun wa, yana nan daram har yau, amma babban labarin da ya gina a kan wannan aiki ya sha gyara, kuma mafi yawan gyaran ya fito ne daga jami'ar da ya koyar.

Kafin a gane girman abin da ya yi, sai an san halin da fagen yake ciki lokacin da ya shigo. A ƙarni na 19 wasu manyan masana Yahudawan Jamus, irin su Leopold Zunz, Abraham Geiger, Moritz Steinschneider da Heinrich Graetz, sun kafa hanyar nazarin addininsu da tarihinsu bisa ƙa'idojin jami'a. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma yana da manufa a bayansa. A lokacin Yahudawa na neman a ba su cikakken 'yancin zama 'yan ƙasa, don haka masanan suka so su nuna wa maƙwabtansu Kirista cewa Yahudanci addini ne na hankali da kyawawan ɗabi'u, wanda gwarzonsa shi ne masanin falsafa Musa bin Maimun, mutumin Ƙurɗuba da ya ƙare rayuwarsa a Masar. Duk abin da ya shafi asirin haruffa, sunayen mala'iku, layu, da jiran Almasihu, sai suka ɗauke shi a matsayin camfi da ya shigo daga waje ya gurɓata addini. Graetz, wanda tarihinsa mai mujalladai da yawa ya zama madogarar jama'a, ya kira Zohar, babban littafin Kabbala, littafin ƙarairayi. Scholem da kansa ya ba da labarin ziyarar da ya kai wa wani dattijon malami a Berlin, Philipp Bloch, wanda ake ganin shi ne masanin Kabbala na zamaninsa. Da saurayin ya ga tarin littattafan da ke ɗakin ya yaba wa dattijon cewa ya karance duk waɗannan, sai dattijon ya amsa da mamaki, yana tambaya ko har ana sa ran ya karanta wannan shirme ma.

An haifi Scholem a Berlin ranar 5 ga Disamba 1897, kuma sunan da aka raɗa masa shi ne Gerhard. Mahaifinsa Arthur mai maɗaba'a ne, Bayahude ne a suna amma Bajamushe a zuciya, wanda ba ya damuwa da ibada. 'Ya'yansa maza huɗu kowanne ya kama gabansa: Reinhold ya zama ɗan kishin ƙasar Jamus, Erich ya bi masu sassaucin ra'ayi, Werner ya shiga jam'iyyar gurguzu har ya zama ɗan majalisar dokoki, shi kuwa autan ya zaɓi komawa ga Yahudanci da aƙidar Sahayoniya. Tun yana yaro ya fara koyon Ibrananci, ya riƙa zuwa ɗaukar karatun Talmud, wato babban kundin shari'a da bayanan malaman Yahudawa, wurin wani malami, abin da mahaifinsa ya ɗauka wauta ce. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya ƙi goyon bayansa, aka kore shi daga makaranta a 1915 saboda haka, sannan a 1917, da ya kare ɗan'uwansa Werner wanda aka kama kan adawa da yaƙin, mahaifin ya aika masa da wasiƙa ta gidan waya yana umartarsa ya bar masa gida. Korar ta zame masa alheri, domin a masaukin da ya koma ya zauna cikin Yahudawan Gabashin Turai waɗanda suka tashi cikin al'adar da shi yake nema a littafi, cikinsu har da Zalman Rubashov, wanda daga baya ya zama shugaban Isra'ila da sunan Shazar. An ɗauke shi soja a wannan shekara, ya yi kamar mai taɓin hankali har aka sallame shi.

A jami'a lissafi da falsafa ya fara karantawa, a Berlin da Jena da Bern, kuma wannan horo ya bar alama a aikinsa, domin mutum ne da ba ya yarda da magana sai da hujja. Daga baya ya koma Munich ya rubuta kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a 1922, a kan Bahir, wani ƙaramin littafi mai wuyar fahimta da ya bayyana a kudancin Faransa a ƙarshen ƙarni na 12, wanda ake ɗauka shi ne littafin Kabbala na farko. A 1923 ya ƙaura zuwa Falasɗinu, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Ingila. An yi masa tayin koyar da lissafi, amma ya zaɓi aiki a ɗakin karatu na ƙasa a ƙarƙashin Hugo Bergmann, inda aka ba shi sashen littattafan Ibrananci. A unguwannin masu tsananin riƙo da addini na Birnin Ƙudus ya riƙa sayen tsofaffin littattafan Kabbala da araha, tun da babu mai nemansu. Da aka buɗe Jami'ar Ibrananci a 1925 aka ɗauke shi malami, a 1933 kuma ya zama farfesa.

A taƙaice, abin da littattafan suka ƙunsa shi ne ƙoƙarin bayyana yadda Ubangijin da ba a iya siffanta zatinsa, wanda suke kira Marar Iyaka, yake bayyana kansa ta matakai goma da ake kira sefirot, da yadda kowace aya ta Attaura da kowace ibada take da alaƙa da waɗannan matakai. A ganinsu, aikin ɗan Adam a ƙasa yana da tasiri a sama. Akwai kuma wata hanya dabam, ta Abraham Abulafia wanda aka haifa a Saragosa a 1240, wadda ta dogara ga jujjuya haruffa da maimaita sunayen Ubangiji tare da tsarin numfashi, har mai yi ya fita hayyacinsa. Mafi yawan wannan ilimi bai taɓa shiga maɗaba'a ba. Yana warwatse ne cikin rubuce-rubucen hannu a ɗakunan karatu na Oxford, Paris, Munich, Parma, Fadar Paparoma da sauransu, sau da yawa ba sunan marubuci, ko kuma an jingina shi ga wani malami na dā. Shekarun Scholem na farko sun tafi ne wajen bin waɗannan kundaye ɗaya bayan ɗaya, yana kwatanta su, yana jera su bisa zamani.

Misalin da ya fi nuna yadda yake aiki shi ne batun Zohar. Al'ada ta jingina littafin ga Shimon bar Yohai, wani malami da ya rayu a Falasɗinu a ƙarni na 2, kuma bayan an buga shi a Mantua da Cremona tsakanin 1558 da 1560 ya sami daraja kusa da ta Talmud a wurin jama'a da yawa. Tun a ƙarni na 18 malami Jacob Emden ya nuna cewa akwai sassan da ba za su zama na dā ba, Graetz kuwa ya yanke hukunci cewa wani mutumin Kastila a ƙasar Sifen, Moses de León, shi ya ƙirƙire shi don neman kuɗi. A laccarsa ta kama aiki a 1925, Scholem ya tsaya ne a kan cewa Graetz ya yi kuskure, kuma littafin yana ɗauke da tsoffin abubuwa da suka girmi de León. Sai ya shafe fiye da shekara goma yana bin littafin kalma bayan kalma, irin bin diddigin da malaman hadisi ke yi wa matani idan suna shakkar jingina shi ga wanda aka ce ya faɗa, kuma abin da ya gano ya rushe matsayinsa na farko. Aramiyancin littafin, wato harshen Aramiya da aka rubuta shi da shi, ba yaren da wani ya taɓa magana da shi ba ne, haɗe-haɗe ne daga Talmud da tsoffin fassarorin Attaura, kuma a ƙarƙashinsa ana jin ginin jimlar Ibranancin tsakiyar zamani. Akwai kalmomin falsafa da ba su wanzu ba sai bayan da aka fassara littattafan Larabci zuwa Ibrananci a ƙarni na 12 da na 13. Marubucin yana kwatanta garuruwa da duwatsun Falasɗinu kamar wanda ya san su a takarda kawai, yana ajiye su inda ba nan suke ba. Abin da ya fi ƙarfi kuma shi ne cewa kurakurai da salon magana iri ɗaya suna nan a littattafan da de León ya rubuta da Ibrananci da sunansa. Scholem bai ji kunyar janye maganarsa ba. Ya yanke cewa de León ne ya rubuta gangar jikin Zohar tsakanin 1280 da 1286, wasu sassa kuwa wani marubuci dabam ya ƙara su daga baya.

To amma a nan ne ya rabu da Graetz, kuma wannan rabuwa ita ce zuciyar tunaninsa. Akwai wani tsohon rahoto daga Isaac mutumin Akka, wanda ya haɗu da de León a 1305 jim kaɗan kafin rasuwarsa, cewa matar mamacin ta ce babu wani tsohon littafi, mijinta daga kansa ya rubuta. Graetz ya ɗauki wannan a matsayin shaidar zamba. Scholem ya ce jingina rubutu ga wani magabaci al'ada ce sananniya a adabin addini, kuma gano marubuci ba ya rage darajar abin da aka rubuta. Idan mutum ɗaya a Kastila ya iya samar da littafin da ya mallaki zukatan al'umma ɗaruruwan shekaru, to aikin masanin tarihi shi ne ya tambayi wace ƙishirwa ce littafin ya kashe musu, wadda shari'a da falsafa suka kasa kashewa.

A 1938 aka gayyace shi New York ya gabatar da jerin laccoci, waɗanda suka fito a 1941 a matsayin littafi da Turanci kan manyan mazhabobin sufancin Yahudawa. Wannan littafi shi ya kafa fagen. A cikinsa ya bi zaren tun daga masu neman ganin Al'arshi a ƙarnonin farko, zuwa masu zuhudu na Jamus, Abulafia, Zohar, makarantar garin Safed da ke arewacin Falasɗinu, har zuwa Hasidawan Gabashin Turai, wato mabiya wata ɗariƙar Yahudawa mai bin shehunai. Ya dage cewa babu wani abu wai sufanci tsagwaronsa da ke shawagi sama da addinai, akwai dai sufancin Musulunci, na Kiristanci, na Yahudanci, kowanne da harshensa da nassinsa. Wannan gargaɗi ne mai amfani ga mai karatu Bahaushe, domin da zarar an ji ana maganar sunaye da haruffa da zikiri sai a yi saurin cewa Kabbala da tasawwufi abu ɗaya ne, alhali tambayoyin da kowanne ke amsawa sun bambanta. Shi kansa ya lura da wani bambanci, cewa Kabbala ilimin maza ne zalla, ba ta fitar da mace irin Rabi'atul Adawiyya ba.

Inda ya fi zurfafawa, kuma inda ya fi tayar da ƙura, shi ne sarkar da ya ƙulla tsakanin abubuwa uku. Na farko shi ne korar Yahudawa daga Sifen a 1492. Na biyu shi ne koyarwar Isaac Luria, wanda ya rasu a Safed a 1572 yana ɗan shekara 38, almajirinsa Hayyim Vital kuma ya rubuta ta. Luria ya koyar cewa kafin halitta Ubangiji ya janye cikin kansa domin ya bar wa halitta gurbi, sannan haskensa ya kwarara cikin wasu mazubai da suka kasa ɗaukarsa suka farfashe, tartsatsin hasken ya faɗa cikin duhu ya maƙale, kuma aikin Bayahude ta hanyar ibada shi ne tsamo wannan tartsatsi har a kammala gyaran duniya. Scholem ya karanta wannan a matsayin amsa ga raɗaɗin korar: mutanen da aka warwatsa sun sami koyarwar da ke cewa hasken Ubangiji ma a warwatse yake, kuma warwatsuwarsu aiki ce da aka ɗora musu.

Na uku shi ne Sabbatai Zevi, kuma a kansa ne Scholem ya rubuta littafinsa mafi girma, wanda ya fito da Ibrananci a mujalladi biyu a 1957, fassarar Turanci da aka faɗaɗa kuma ta fito a 1973. An haifi Sabbatai a Izmir a 1626. Mutum ne mai yanayi biyu, wani lokaci ya cika da ɗoki har ya riƙa karya dokokin addini a fili, wani lokaci ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani, kuma Scholem ya ga alamun ciwon ƙwaƙwalwa a cikin wannan. A 1665 wani matashin malami, Nathan mutumin Gaza, ya tabbatar masa cewa shi ne Almasihun da ake jira, ya kuma baza wasiƙu. Cikin watanni labarin ya mamaye al'ummomin Yahudawa daga Yaman da Maroko har Amsterdam, Hamburg da Folan, mutane suna tuba, wasu suna sayar da kadarorinsu suna shirin tafiya. Hukumomin Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka kama shi a farkon 1666 suka tsare shi a Gallipoli, a watan Satumba aka kai shi fadar Sarki Muhammadu na Huɗu a Edirne, inda aka ba shi zaɓi tsakanin kisa da musulunta. Ya musulunta, aka sa masa suna Aziz Mehmed, aka yanka masa albashi, daga baya aka kore shi zuwa Ulcinj a gaɓar tekun Adiriyatik, inda ya mutu a 1676.

Masanan da suka gabata sun ɗauki wannan a matsayin ɗan abin kunya da ya wuce, suka danganta shi ga kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawan Yukiren da Folan a 1648. Scholem ya ce wannan bayani bai isa ba, domin harkar ta yi ƙarfi a wuraren da kisan bai taɓa ba, har a cikin attajiran Amsterdam da ke zaune lafiya. Abin da ya haɗa su duka, in ji shi, shi ne koyarwar Luria da ta riga ta yaɗu ta shirya zukata. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa ma shi ne abin da ya biyo bayan musuluntar. Jama'a da yawa sun watse, amma wasu, cikinsu har da manyan malamai, sun ƙi yarda cewa abin da suka ji a zuciyarsu ƙarya ne. Nathan ya ba su mafita daga cikin koyarwar Luria, cewa dole ne Almasihu ya nitse cikin duhu da kansa domin ya tsamo tartsatsin da ya rage. Daga nan aka sami waɗanda suka bi sahunsa suka musulunta a zahiri suna riƙe da aƙidarsu a ɓoye, wato Donme na birnin Salonika, aka kuma sami Jacob Frank a Folan, wanda ya kai mabiyansa ga karɓar Kiristanci a 1759 yana koyar da cewa karya doka ita ce cika ta. A wata maƙala da ya buga a 1937 kan wannan aƙida ta neman tsira ta hanyar saɓo, Scholem ya yi iƙirarin cewa wannan tawaye daga cikin gida ne ya raunana ikon malaman shari'a, ya share fage ga wayewar kai da gyare-gyaren addini na ƙarni na 18 da na 19. Ma'ana, masu hankalin da ke jin kunyar Kabbala su ma a wani ɓangare jikokinta ne. Ba kowa ya ji daɗin wannan ba, kuma mai sukar adabi Baruch Kurzweil ya zarge shi da ɗaukaka masu rushe addini.

Wannan nazari ya shafi siyasarsa. Shi ɗan Sahayoniya ne har ƙarshen rayuwarsa, ya karɓi lambar yabo ta Isra'ila a 1958, ya kuma shugabanci Cibiyar Kimiyya da Adabi ta ƙasar daga 1968 zuwa 1974. Amma tun a shekarun 1920 yana cikin ƙaramar ƙungiyar Brit Shalom, wadda ta nemi ƙasa ɗaya ta Larabawa da Yahudawa, ƙungiyar da ba ta yi tasiri ba. Ya sha yin gargaɗi cewa cakuɗa siyasa da jiran Almasihu yana ƙarewa da bala'i, kuma a wata hira da aka yi da shi a 1980 ya kwatanta 'yan Gush Emunim, masu kafa matsugunai a yankunan da aka mamaye a 1967, da mabiyan Sabbatai.

Rayuwarsa ba ta kuɓuta daga masifar zamaninsa ba. 'Yan Nazi sun kashe Werner a sansanin Buchenwald a 1940, kuma a wannan shekarar babban amininsa, marubuci Walter Benjamin, wanda suka haɗu tun 1915, ya kashe kansa a kan iyakar Faransa da Sifen yana gudun 'yan Nazi. Ga Benjamin ya sadaukar da littafin 1941, daga baya kuma shi da masanin falsafa Theodor Adorno suka tattara wasiƙunsa suka buga a 1966, aikin da ya taimaka wajen fito da sunan Benjamin duniya. A 1946 jami'a ta aike shi Turai neman littattafan Yahudawa da aka wawashe, ya dawo cikin ƙunci mai tsanani. Mutum ne mai kaifin harshe a muhawara. Ya soki masanin falsafa Martin Buber a 1961 cewa ya tsinci labaran Hasidawa masu daɗi ya bar littattafan aƙidarsu, ya kuma yi musayar wasiƙu masu zafi da masaniyar siyasa Hannah Arendt a 1963 kan abin da ta rubuta game da shari'ar Eichmann, jami'in Nazi da aka gurfanar a Isra'ila kan kisan Yahudawa, yana zarginta da rashin ƙaunar mutanenta.

Game da imaninsa kuwa, ya ce ya yarda da Ubangiji, amma bai riƙe dokokin ibada irin na masu bin al'ada ba. A wata wasiƙa da ya rubuta wa mawallafi Salman Schocken a 1937 ya bayyana cewa da farko ba tarihin Kabbala ya so rubutawa ba, gaskiyar da ke cikinta yake nema, sai ya ga cewa mutumin wannan zamani ba shi da wata hanyar isa gare ta sai ta ratsa hazon tarihi da nazarin nassi.

Tasirinsa ya fita daga da'irar Yahudawa ta hanyar tarukan masana da ake kira Eranos, da ake yi a Ascona ta ƙasar Suwizalan, waɗanda ya fara halarta a 1949, inda ya zauna da Mircea Eliade da Henry Corbin, masanin Ibn Arabi da Suhrawardi. Marubuta irin su Jorge Luis Borges da Harold Bloom sun ɗebo daga gare shi. Har kwamfutar da aka ƙera a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila shi ya ba da shawarar a sa mata suna Golem, sunan mutum-mutumin yumɓu na tatsuniyar Yahudawa, ya kuma yi jawabi a bikin ƙaddamar da ita a 1965. A gida kuwa ya horar da Isaiah Tishby, Joseph Weiss, Rivka Schatz da Joseph Dan, waɗanda suka ci gaba da fagen. Ya rasu a Birnin Ƙudus ranar 21 ga Fabrairu 1982, tarin littattafansa kuma yana da sashe na musamman a ɗakin karatu na ƙasa.

Bayan rasuwarsa ne aka fara taɓa ginin sosai. A 1988 Moshe Idel, malami a Jami'ar Ibrananci, ya fitar da littafin da ya ƙalubalanci kusan kowace mahaɗa ta sarkar. Ya nuna cewa tunanin Luria ba daga korar Sifen kai tsaye ya fito ba, kuma rubuce-rubucen makarantarsa ba su cika ambaton korar ba, sannan koyarwarsa mai sarƙaƙiya ba ta yaɗu cikin talakawa kafin 1665 yadda Scholem ya zata ba. Scholem ya danganta asalin Kabbala ga ƙungiyoyin da ake kira Ginostik na ƙarnonin farko, masu cewa tsira tana samuwa ta ilimin asiri, Idel kuwa ya ga cewa yawancin abin yana da tushe a cikin al'adar malaman Yahudawa kanta. Scholem ya ce sufayen Yahudawa ba su cika da'awar narkewa cikin Ubangiji ba, Idel ya kawo nassoshi daga Abulafia da Hasidawa da ke nuna akasin haka. Yehuda Liebes kuma ya kawo hujja cewa Zohar aikin wani rukunin malamai ne da de León yake cikinsu. A ra'ayina Idel ya yi gaskiya game da raunin mahaɗar da ke tsakanin 1492 da Luria, domin hujjar Scholem a nan ta fi dogara ga dacewar ma'ana fiye da nassi, abin da shi kansa ba zai karɓa daga wani ba. Amma ƙasar da Zohar ya fito da zamanin da aka rubuta shi suna nan yadda ya tabbatar, haka ma labarin Sabbatai da ya tono daga wasiƙu da takardun da aka yi ta ɓoyewa.

Akwai kuma gefen da bai ba haƙƙinsa ba, wato alaƙa da duniyar Musulunci. Idonsa ya fi karkata ga Faransa, Sifen ta Kirista da Jamus, alhali wani babban reshe na zuhudun Yahudawa da Larabci aka rubuta shi. Bahya ibn Paquda ya rubuta littafinsa kan farillan zukata a Andalus a ƙarni na 11, cike da maganganun masu zuhudu na Musulmi. Ibrahim, ɗan Musa bin Maimun, wanda ya shugabanci Yahudawan Masar har rasuwarsa a 1237, ya yaba wa sufaye a fili, yana ganin sun riƙe ɗabi'un annabawan Bani Isra'ila da mutanensa suka bari, ya kuma shigo da wanke ƙafafu kafin addu'a, sujada da tsayuwa sahu-sahu cikin ibadar mabiyansa. Masana irin su Paul Fenton da Sara Sviri ne suka buɗe wannan fage sosai, yawanci daga takardun da aka samu a ma'ajiyar tsohuwar majami'ar Fusɗaɗ a Alƙahira, kuma aiki ne da ke buƙatar mai Larabci da Ibrananci tare, wanda ya san littattafan tasawwufi daga ciki.